Yadda Ake Gasa Gotayit Ya Koma Hematayit, Sikeli Ya Zama Shaida

Duk wanda ya taɓa kwashe toka daga murhun da aka daɗe ana girki a kansa ya san ƙasan wurin ja yake yi, ko da ƙasar tsakar gidan rawaya-rawaya ce. Haka tukunyar yumɓu take shiga wuta da wani launi ta fito da wani, haka ma jan bulo. Cikin abubuwan da ke kawo wannan sauyi har da wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ake kira gotayit. Idan zafi ya kai masa wani mizani sai ya saki ruwan da ke ginin jikinsa, ya rikiɗe ya zama hematayit, wanda garinsa ja ne. Wannan bayani na ɗalibin kimiyyar sinadarai ne da malamin da ke son nuna wa ajinsa abin a zahiri, da kuma mai haɗa fenti da ke son ya san abin da hannunsa yake yi.

Gotayit ɗaya ne daga dangin da ake kira oksihaidiroksaid na ƙarafan tsakiyar jadawalin sinadarai, wato irin su baƙin ƙarfe da manganis da kobalt da nikel da kuromiyam. Tsarinsu duka ɗaya ne, MOOH: ƙwayar ƙarfe ɗaya (M), oksijin ɗaya (O), sai rukunin OH ɗaya, wato oksijin da haidirojin a haɗe. Na baƙin ƙarfe shi ne FeOOH, kuma yana zuwa a siffa fiye da ɗaya. Gotayit, α-FeOOH, shi ne ya fi yawa a ƙasa da cikin tsatsa. An raɗa masa suna a 1806 don girmama marubucin Jamus Johann Wolfgang von Goethe, wanda yake da sha'awar tara duwatsu. Na zaɓe shi ne saboda ya fi 'yan'uwansa araha da sauƙin samu, ba shi da guba, kuma sauyinsa ido yana gani.

Sai dai ido yana yaudara. Gari zai iya yin ja a sama alhali cikinsa bai gama ba. Abin da ba ya ƙarya shi ne nauyi, don haka kusan duk dabarar wannan aiki a wajen awo take.

Lissafin da za ka riƙe kafin ka kunna wuta

2FeOOH → Fe₂O₃ + H₂O

Fe₂O₃ shi ne hematayit, H₂O kuma ruwa. Nauyin mol ɗaya na FeOOH (mol shi ne mudun da ake auna yawan ƙwayoyin sinadari da shi) giram 88.85 ne, biyu kuwa 177.70. Ruwan da zai fita giram 18.02. Raba 18.02 da 177.70, za ka samu kashi 10.14 cikin ɗari. Wato idan ka gasa giram 5.000 na busasshen gotayit zalla, giram 0.507 zai tashi a matsayin tururi, ka rage da giram 4.493 na hematayit. Rubuta wannan adadi a saman shafin littafinka.

A lura, wannan ruwan ba laima ba ce. A cikin gotayit babu ƙwayar ruwa ko ɗaya a zaune. Rukunin OH biyu ne zafi yake sa su haɗu, su ba da ƙwayar ruwa ɗaya, su bar oksijin ɗaya a wurin. Shi ya sa shanya a rana, ko da ranar watan Afrilu ce, ba za ta taɓa fitar da shi ba. Sai zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyos yake fita, kuma gotayit na ƙasa mai manyan ƙwayoyi, ko wanda alminiyam ya shiga gininsa, yakan nemi fiye da haka.

Kayan aiki

Kana bukatar sikelin da ke auna har 0.001 na giram. Mai 0.01 ma zai yi, amma sai ka ƙara yawan garin zuwa giram 10 don kuskuren awo ya ragu. Sai 'yan kofunan tangaran masu jure wuta, waɗanda ake kira kurusibul, guda shida ko bakwai, awartaki, oban na busarwa da ke tsayawa a digiri 105, tanderun lantarki da ke kaiwa digiri 800, desiketa, wato tukunyar gilashin nan mai murfi da ake zuba silika a gindinta don tsotse laima, ƙaramin turmi da taɓarya na tangaran, rariya mai laushi, maganaɗisu mai ƙarfi, da ɓallin tayil wanda bayansa ba shi da sheƙi. Tabarau na kariya da safar hannu da takunkumin ƙura ba ado ba ne.

Mataki na farko: samo gotayit

Hanya biyu ce. Ko ka haɗa shi da kanka, ko ka tace shi daga ƙasa. Idan so kake ka ga adadin nan na 10.14 ya fito, haɗa shi. Idan launi kake nema, ko kana son sanin abin da ke cikin ƙasar garinku, tace.

Haɗawa. Narkar da giram 40.4 na gishirin naitiret na baƙin ƙarfe, wato Fe(NO₃)₃·9H₂O a tataccen ruwa, ka cika shi zuwa mililita 100. A wani mazubi dabam narkar da KOH, wato potasiyam haidiroksaid, ɗan'uwan sodar haɗa sabulu, don samun mililita 180 mai ƙarfin mola 5, wato mol 5 a kowace lita. Lissafi ya ce giram 50.5, amma duba jikin kwalbar, domin ƙwayoyin KOH da ake sayarwa galibi kashi 85 ne cikin ɗari, sauran ruwa ne, don haka za ka auna wajen giram 59. Zuba ƙwayoyin cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan ƙwayoyin ba. Mazubin zai yi zafi sosai, kamar yadda masu haɗa sabulu suka sani da soda, kuma ɗigo ɗaya a ido ya isa ya yi ɓarna.

Zuba ruwan ƙarfen a jarkar roba mai cin lita 2, sannan ka kwarara KOH a kai da sauri kana juyawa. Nan take wata laka mai ja-ja, kamar ruwan kududdufi a farkon damina, za ta bayyana. Ba gotayit ba ce tukuna, ferihaidirayit ce, wani ma'adinin ƙarfe da gininsa bai gama daidaita ba. Cika jarkar da tataccen ruwa zuwa lita 2 ba tare da ɓata lokaci ba, ka rufe, ka ajiye a oban mai digiri 70 na tsawon awa 60. A cikin wannan lokaci lakar takan narke sannu a hankali ta sake ginuwa, launin ya juya zuwa rawaya mai duhu, ta kwanta a ƙasa ta yi kauri. Dalilin jarkar roba shi ne sinadari mai kaifin KOH yana cin gilashi, kuma silikar da ta narke tana hana gotayit ginuwa yadda ya kamata. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, aikin bai lalace ba, tafiyarsa ce ta ragu. Lissafa awannin da oban ya yi a kashe ka ƙara su.

Tsiyaye ruwan sama, ka ƙara sabo, ka girgiza, ka bari ya kwanta, ka sake tsiyayewa. Yi ta maimaitawa har takardar gwajin pH ta nuna kusan 7. Kada ka yi ha'inci a wankin nan, domin gishirin naitiret da ya maƙale zai ruɓe a wuta ya ɓata maka lissafi. Busar da shi a digiri 50. Za ka samu kusan giram 9.

Tacewa daga ƙasa. Nemi ƙasa mai ruwan ɗorawa a bakin rami ko gefen hanyar da aka yanka tudu, ƙasa da inda saiwoyi suke kaiwa, don guje wa ruɓaɓɓen ganye. Farfasa ta, ka jiƙa a bokiti ta kwana. Da safe dama ta sosai, ka jira minti ɗaya yashi ya zauna, ka tsiyaye ruwan mai launi zuwa wani bokiti ta cikin rariya. Duk wanda ya ga yadda ake kamu ya san sauran: a bari ya kwanta, a zubar da ruwan sama, a kwashe abin da ya zauna a shanya. Sau biyu ko uku za ka maimaita idan kana son gari mai laushi.

Gargaɗi ɗaya wanda ba na wasa ba: kada ka ɗebo ƙasa ko dutse daga wurin haƙar zinare ko darma ka kawo gida ka daka. A 2010 ƙurar dutsen zinare mai ɗauke da darma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Launin ƙasa ba ya gaya maka abin da ke ɓoye cikinta.

Mataki na biyu: shirya kofuna da busar da gari

A nan yawancin ɗalibai suke faɗuwa, tun kafin a zo ga wuta.

Wanke kofunan, ka sa musu lamba a gindi. Alƙalamin maka zai ƙone. Yi amfani da ɗan ruwan gishirin ƙarfen da ya rage ka rubuta da tsinke, wuta za ta mayar da rubutun ja ya zauna daram. Gasa kofunan babu komai a ciki a digiri 800 na rabin awa, ka bar su su huce a desiketa, ka auna kowanne ka rubuta. Daga yanzu da awartaki kawai za ka riƙa ɗaukarsu, domin gumin yatsa yana da nauyin da sikeli mai 0.001 yake gani.

Niƙa garin ya yi laushi ɗaya, ka baza shi a faranti, ka sa a oban mai digiri 105 ya kwana, ko aƙalla awa huɗu. Wannan shi ne fitar da laima. Gari mai laushi yana shan laimar iska kamar soso, musamman da damina, kuma idan ka tsallake wannan mataki za ka ga nauyi ya ragu da kashi 14 ko 15 ka rasa dalili. Daga oban sai desiketa kai tsaye, ya huce rabin awa. Sannan ka auna giram 1.000 zuwa 1.200 a kowane kofi idan gotayit ɗin da ka haɗa ne, ko giram 5 idan na ƙasa ne da kake da shi da yawa. Ba dole ba ne ya zama cif-cif, abin da ake so ka rubuta ainihin abin da sikeli ya nuna. Yi sauri a wajen awon, domin da zarar ka buɗe desiketa garin ya fara shan iska.

Girgiza kofin kaɗan garin ya bazu ya yi shimfiɗa marar kauri. Ajiye kofi ɗaya ba za a gasa shi ba, don kwatance.

Mataki na uku: gasawa

Kada ka zuba duka a zafi ɗaya. Za ka fi ganin abin idan ka yi tsani: kofi ɗaya a digiri 200, ɗaya a 250, ɗaya a 300, ɗaya a 400, ɗaya a 600, na ƙarshe a 800. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa dukkansu a tanderun yana sanyi, ka hau da zafin a hankali, kamar digiri 5 zuwa 10 a minti. Da ya kai 200 ka tsayar da shi awa ɗaya, ka cire kofi na farko, ka hau zuwa 250, ka tsaya awa ɗaya, ka cire na biyu, haka har ƙarshe. Yini guda zai ci maka, don haka fara da sassafe.

A bar kofunan a buɗe, ko a ɗora murfi a karkace. Tururin da ke fita idan ya taru a kan garin yana danne aikin, sai ka ga ana bukatar zafi fiye da yadda aka zata. Haka idan garin ya yi tudu: na sama ya gama, na ƙasa yana shaƙe cikin tururin ɗan'uwansa. Sa kofunan a tsakiyar tanderu kusa da bakin ma'aunin zafi, ba jikin bango ko bakin ƙofa ba, domin tazarar zafi tsakanin waɗannan wurare takan kai digiri da dama.

Idan ka ciro kofi, kada launin ya tayar maka da hankali. Hematayit mai zafi duhu yake yi, kusan baƙi, sai ya huce jan yake bayyana. Kuma kofi mai digiri 400 kamanninsa ɗaya da mai sanyi, ba hayaƙi, ba ja. Na taɓa ganin ɗalibi ya kai hannu ya gyara zaman irin wannan kofi, ya yi mako biyu ba ya riƙe biro. Ɗora shi a kan bulo na minti biyu ko uku zafin farko ya sauka, sannan desiketa. Idan ka rufe desiketa a kan kofi mai tsananin zafi, iskar ciki za ta kumbura ta ɗaga murfin, ko kuma idan ta huce ta tsotse shi ya ƙi buɗuwa.

Mataki na huɗu: awo, da sake awo

Bayan rabin awa ko minti arba'in, auna. Kofi mai ɗumi yana nuna nauyi ƙasa da gaskiya, saboda iskar da ke tashi daga jikinsa tana ɗan ɗaga shi, don haka haƙuri a nan riba ne.

Awo ɗaya bai isa ba. Mayar da kofin zafinsa na wani rabin awa, ka huce da shi, ka sake aunawa. Idan awo biyu a jere sun yi daidai, ko bambancinsu bai wuce 0.002 na giram ba, an gama a wannan zafin. Idan har yanzu yana raguwa, sake mayarwa. Kofin digiri 250 ne zai fi ba ka wahala, domin a bakin iyaka yake, yana sakin ruwan a hankali.

Lissafin raguwar nauyi: nauyin gari kafin wuta, a cire nauyinsa bayan wuta, a raba da nauyin farko, a ninka da 100. Ka zana jadawali, zafi a kwance, raguwa a tsaye. Abin da za ka gani ga gotayit ɗin da ka haɗa shi ne kusan babu komai a 200 sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, launi yana nan rawaya. Tsakanin 250 da 300 layin zai yi tsalle, launi ya bi ta ruwan goro zuwa ja. Daga 400 layin ya kwanta, yana ɗan hawa kaɗan-kaɗan har 800. Wannan ɗan hawan na ƙarshe ragowar OH ne da suka maƙale a cikin sabon hematayit ɗin, ba sa fita sai da zafi mai yawa. Jimillar takan ɗan zarce 10.14, saboda fuskar ƙananan ƙwayoyi tana riƙe da ruwan da digiri 105 bai kora ba. Idan ka samu 11 ko kusa da haka, ba ka yi kuskure ba. Idan ka samu 7, ko dai ba ka gama gasawa ba, ko tun farko akwai hematayit a cikin abin da ka haɗa.

Ga ƙasar da aka tace, lissafin yana ba ka wani abu dabam, wato kimanin yawan gotayit ɗin da ke ciki. A ce giram 5.000 ya ragu da 0.190 tsakanin digiri 200 da 400. Kashi 3.8 ke nan. Raba 3.8 da 10.14, ka samu kusan kashi 37 cikin ɗari. Amma kada ka rantse a kan wannan adadi. Ƙasashen yankuna masu zafi sukan ƙunshi gibsayit, wani ma'adinin alminiyam da ke sakin ruwansa a kusan zafin da gotayit ke sakin nasa, kuma shi yana zubar da kashi 34.6 na nauyinsa, don haka kaɗan daga cikinsa ya isa ya kumbura maka lissafi. Ruɓaɓɓen ganye shi ma a nan yake ƙonewa. Farar laka, kawolinayit, tana jira sai tsakanin 450 da 600 ta saki kashi 14 nata, shi ya sa za ka ga tsalle na biyu a jadawalin ƙasa wanda babu shi a na gotayit zalla. Idan akwai farar ƙasa mai kabonet, tsalle na uku zai zo wajen 700 zuwa 800.

Gwaji biyu masu sauƙi su biyo baya. Goga ɗan gari daga kowane kofi a bayan tayil, ka jera zanen gefe da gefe. Sannan ka nannaɗe maganaɗisu a leda ka kusanto da shi. Gotayit da hematayit ba sa tsalle su maƙale. Idan garin ya maƙale, wani abu ya shigo, kuma za mu zo kansa.

Abin da ke faruwa a ciki

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Ƙwayar gotayit siffar allura take da ita. Idan ta koma hematayit ba ta rushewa a sake gini daga tushe. Jerin ƙwayoyin oksijin, wanda shi ne ƙashin ginin, yana nan kusan yadda yake, ƙwayoyin ƙarfe ne kawai suke sauya mazauni a cikinsa, kamar gidan da aka sauya wa mutane ɗakuna ba a taɓa katanga ba. Saboda haka hematayit ɗin yakan fito da siffar allurar uwarsa. Amma an cire oksijin ɗaya cikin kowane huɗu ya tafi da ruwa, dole a bar gurbi. Gurbin yakan zama 'yan tsagogi sirara a tsawon allurar, waɗanda sai da madubin ilektaron ake ganinsu. Shi ya sa garin da aka gasa a 300 yake da faɗin fuska fiye da wanda ba a gasa ba, kuma ya fi shan laima. Masu haɗa sinadaran da ke hanzarta aiki ko tsotse datti daga ruwa wannan matakin suke nema, ba sa wuce shi. Idan zafi ya haura 600, tsagogin sukan haɗe su zama ramuka zagayayyu, ƙwayoyi su manne su girma, launi ya tashi daga ja mai haske zuwa ja mai duhu da ke karkata ga shunayya.

Mutanen da ba su da madubi sun san wannan ta hannu. Tiyofarastus, ɗalibin Aristotal a Girka, ya bayyana yadda ake zuba rawayar ƙasa a sababbin tukwane, a liƙe da laka, a sa a wuta, kuma gwargwadon wutar gwargwadon duhun jan. Masu zane a Italiya suna da ɗanyar ƙasar Siyana da gasasshiyarta, ƙasa ɗaya launi biyu. A yau kuma masu binciken kayan tarihi da waɗannan tsagogi suke gane ko jan fentin da suka tono gasa shi aka yi ko haka aka same shi.

Idan sashenku yana da na'urar XRD mai aiki da tagulla, wadda ke gane ma'adini ta hanyar haska shi da X-ray, nemi layin gotayit mafi ƙarfi a wajen digiri 21.2 na kusurwa, ba na zafi ba. Ɓacewarsa ita ce shaida ta biyu bayan sikeli. Na hematayit za su fito a 33.2 da 35.6, kuma a garin da aka gasa a zafin digiri 300 za ka lura na farkon ya yi faɗi na biyun ya yi tsini. Wannan rashin daidaito tambarin hematayit ɗin da aka haifa daga gotayit ne, kuma yana gushewa a zafi mai yawa. A na'urar infrared kuwa, layukan gotayit biyu na wajen 890 da 795 cm⁻¹ ne za su ɓace.

Idan gari ya yi baƙi ko ya bi maganaɗisu

Dalili biyu ne galibi. Na farko, akwai abin da ya ƙone tare da shi, saiwa ko ganye ko takardar tacewa ko hayaƙin gawayi. Waɗannan suna ƙwace oksijin daga ƙarfen, a samu wasu ma'adinan baƙin ƙarfe dabam, magnatayit mai baƙi, ko magemayit mai ruwan ƙasa idan iska ta sake shiga, kuma dukansu suna bin maganaɗisu. Gobarar daji ma takan bar magemayit a saman ƙasa ta wannan hanya. Maganin shi ne a sake gasawa a buɗe a 600 ko sama.

Na biyu, abin da ka gasa ba gotayit ba ne zalla. Ɗan'uwansa lefidokurosayit, γ-FeOOH, mai ruwan lemo, sinadarinsu ɗaya, raguwar nauyinsu ɗaya, amma jerin oksijin ɗinsa dabam ne, don haka abin da ya fi kusa da shi shi ne magemayit. Nan yake fara sauka tsakanin digiri 200 da 300, sai zafi ya ƙaru sannan ya wuce hematayit. Za ka iya gwadawa da tsatsa: kankaro ta daga tsohon ƙarfe, ka niƙa, ka cire duk abin da maganaɗisu ya ɗauka, ka gasa sauran a 300, ka sake kawo maganaɗisun. Sau da yawa za ka ga ya ɗauki abin da ɗazu ya ƙi. Guji tsatsar ƙarfen da ya zauna a ruwan gishiri, domin takan ƙunshi akaganayit, β-FeOOH, mai kulorin a ciki, kuma hayaƙinsa na asid ne.

Kaset ɗin da muka taso muna juyawa da biro ma daga nan ya fito: allurar gotayit ake cire wa ruwa, a mayar da ita magnatayit da haidirojin, a sake ba ta iska a zafi kaɗan ta zama magemayit, duk tana riƙe da siffar allura, sannan a shafa a zaren.

Ba tanderu?

Mai neman launi kawai zai iya yi da kaskon baƙin ƙarfe ko na yumɓu a kan gas ko garwashin da ya daina hayaƙi. A baza busasshen gari ƙasa da kaurin yatsa, a yi ta juyawa da ƙarfe kamar ana suyar gyaɗa, ana ɗiban kaɗan ana barinsa ya huce a kan tayil don ganin inda launi ya kai. A yi a fili, ba a rufaffen ɗaki ba, saboda iskar gawayi. Kada a yi amfani da kwanon rufi, domin zink ɗin jikinsa yana hayaƙi mai cutarwa, kuma kaskon ya bar kicin daga ranar.

Sauran dangin ba haka suke ba

Kada ka ɗauki 10.14 ka kai wa kowane MOOH. Baƙin ƙarfe ya shiga wuta da caji +3, wato kowace ƙwayarsa ta rasa ilektaron uku, ya fito da +3, shi ya sa iskar da ke tanderu ba ta cika damunsa ba. Kobalt kuwa sauka yake yi: CoOOH, ma'adinin da ake haƙa a yankin Katanga na Kwango, yana komawa Co₃O₄ wajen digiri 300, yana sakin ruwa da oksijin tare, raguwar ta kai kashi 12.7. NiOOH, wanda ke cikin batiran nikel masu caji, shi ma yana sakin oksijin ya koma NiO. Kuromiyam a buɗaɗɗiyar iska zai iya haura zuwa +6, wanda ke jawo sankara, don haka shi da kobalt da nikel ba na aji ba ne sai da akwatin zuƙe hayaƙi da malami a tsaye.

Manganis ne mai rikita ɗalibi. Gasa manganayit, γ-MnOOH, a iska wajen digiri 300, sai ya saki haidirojin ɗinsa a matsayin ruwa amma ya jawo oksijin daga iska, ya haura +4 ya zama MnO₂. Nauyin mol ya tashi daga 87.94 zuwa 86.94, raguwar kashi 1.15 kacal. Ga shi launin ba ya taimako, duhu ne kafin wuta, duhu ne bayanta. Wanda bai yi lissafi ba zai ce babu abin da ya faru ya kashe tanderu. Ci gaba da hawa: tsakanin 500 da 600 MnO₂ zai zubar da oksijin ya koma Mn₂O₃, nauyi ya faɗi da kashi 9.2, sannan sama da 900 ya sake faɗuwa zuwa Mn₃O₄. Don haka idan manganis za ka gwada, sa giram 5 a kofi maimakon 1, domin raguwar farko ta zama wajen giram 0.057 da sikeli zai kama, kuma ka rubuta a littafinka ko murfin a buɗe yake ko a rufe.